Rediyo ko intanet: wanne ya fi daɗin saurare a Dakoro?

A kasuwar Dakoro ko ta Sakabal, dattijo na riƙe da akwatin rediyo, saurayi kuwa salula ce a kunnensa. Sau da yawa shiri ɗaya suke saurare, amma muryar kan bambanta, domin kowace da hanyar da ta biyo.

Gajeren zango, wanda ya daɗe yana kawo mana BBC Hausa tun kafa ta a 1957, yana cin nisa, sai dai faɗin sautinsa bai wuce kilohaz 5 ba. Shi ya sa murya ke fita a dushe, ga ƙara. Zangon FM, inda ake kama Muryar Sahel da gidajen rediyon karkara, yana kaiwa kilohaz 15, kusa da iyakar jin kunnen mutum, wato 20. Amma da ka yi nisa da eriya, sai shuu ta fara shiga.

Rediyon dijital kan mayar da sauti lambobi, ya matse su, sannan ya watsa. Akwai tsarin DAB+ a Turai, inda Norway ta rufe tashoshin FM na ƙasa a 2017, da DRM da Indiya ke amfani da shi. A nan, wanda muka fi sani shi ne tashoshin rediyo da ke zuwa ta dikodar tauraron ɗan Adam. Intanet ma matse sauti take yi, saboda haka ingancin duka biyun ya dogara ne da yawan kilobit da ake turowa a daƙiƙa. Kilobit 64 sun wadaci labarai, kiɗa kuwa ya fi son 128. A Ingila, da aka cusa tashoshi da yawa a tsohon tsarin DAB, masu saurare sun yi ta kukan cewa FM ta fi shi daɗi.

Inda rediyo da intanet suka rabu shi ne wajen isowa. Eriya ɗaya na ciyar da kowa, ko mutum goma ne ko dubu goma. A intanet kowa da layinsa. Ranar kasuwa, idan jama'a suka yi wa rezon salula yawa, ko ka nausa dajin Tarka, sai magana ta tsinke. FM mai rauni kan ci gaba da magana cikin ƙara, dijital kuwa ko ta fito tangaran ko ta yi tsit. Ga jinkiri: maƙwabci mai rediyo kan yi ihun an ci ƙwallo kafin ta iso salularka. Ga kuma kuɗi: awa guda a kilobit 64 na cinye mega kusan 29.

Lasifika ma na da nata. Ƙaramar lasifikar salula ba ta fitar da amon ganga, kome kyan abin da aka turo. Shirin da aka yi ta naɗa ana sake turawa a WhatsApp shi ma yakan rage armashi.

Mai son gwadawa ya ɗauki shirin Studio Kalangou, wanda ke fita ta rediyon karkara da kuma intanet, ya saurari duka biyun da abin kunne ɗaya. A cikin gari, inda rezo ke da ƙarfi, intanet za ta iya rinjaye. Manomi da makiyayi masu jiran hasashen damina ko farashin dabbobi kuwa, FM da batir biyu sun fi musu tabbas.