Wanda aka aika sayen hatsin jama'a

Yau zancenmu a kan mutumin da ƙauye ya danƙa wa kuɗi, ya ce je ka sayo mana hatsi.

Kun san bankin cimaka. Da kaka, lokacin da hatsi ke araha, ƙungiya tana saye ta ajiye. Da bazara ko tsakiyar damina, in rumbuna sun ƙare, sai ta sayar wa mutanen gari da rangwame. Waɗanda suka ga yunwar 2005 sun san amfaninsa. To, amma hatsin nan ba ya kai kansa ɗakin ajiya. Daga manomi sai dillali, daga dillali sai mai awo, sai mai amalanke. Kowane hannu yana iya rage wani abu, kuma hannun da ya fi samun dama shi ne na mai sayayya.

Matsalar ta daɗe. Zamanin gyaɗa, manoma sun sha kuka da masu awo, don wanda bai iya karanta sikeli ba, abin da aka faɗa masa shi zai karɓa. A 1962 gwamnati ta kafa kamfanin SONARA na cinikin gyaɗa, da hukumar UNCC mai kula da ƙungiyoyin manoma. Daga baya aka bar manoma suka riƙa zaɓen mai awo da magatakarda daga cikinsu, aka koya musu lambobi a ajin manya irin naku. Fari na 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 sun karya wannan ciniki. Sikeli da tiya kuwa suna nan.

Bari mu yi lissafi tare. Tiya 40 ke cika babban buhu mai kilo 100. A ce mai sayayya ya sami tiya a dala 90, ya zo ya rubuta dala 100. Dala 10 ce kawai, ko ba haka ba? To, ku ninka sau 40. Dala 400 ke nan, wato jika 2 a buhu guda. In buhu 50 ya sayo, jika 100 ta shiga aljihunsa. A watan Agusta, uwar marayu ce za ta biya wannan kuɗi, don dole a ɗora shi a kan farashi.

Akwai wata hanya da ta fi wannan laushi. Ɗan kasuwa ya ja mai sayayya gefe, ya ce ga na goro, ka saya a wurina. Mutane da yawa ba su ɗauki wannan laifi ba, sai su ce ai kyauta ce. Ni dai ina ganin ba don farin jininsa aka ba shi ba. Don kuɗin jama'a da ke hannunsa ne. Kuma wanda ya ci goron mutum, ba zai iya zura hannu cikin buhunsa ya ce akwai rairayi, ko hatsin bai bushe ba. Bakinsa ya riga ya mutu.

Saye a wurin ɗan'uwa fa? A ƙauye kusan kowa dangi ne, ba za a hana ba. Sai dai a faɗa wa kwamiti tun kafin ciniki, a tambayo farashin kasuwar Tasawa ko ta Mayahi na wannan mako, wani dabam kuma ya yi awon.

Manomi mai sayarwa shi ma yana da haƙƙi a kanku. Tiyar da kuka saya da ita, da ita za ku sayar. Kada a ajiye babba ta saye da ƙarama ta sayarwa. In an ce tozo za a yi, a yi wa kowa. A biya shi nan take, kada a ce sai kasuwa ta zagayo. Ƙungiya kuma kada ta kwaikwayi masu bashin a-ci-ba-daɗi, da ke ba mutum 'yan kuɗi yana cikin yunwa, su kwashe amfanin gonarsa da kaka a farashin banza.

Saboda haka kada mutum ɗaya ya je kasuwa shi kaɗai. Su tafi su uku: mai ciniki, mai riƙon kuɗi, mai rubutu. A rubuta rana, da sunan mai sayarwa, da yawan tiya, da farashi, da kuɗin amalanke. Da sun dawo a karanta a bainar jama'a, a ƙirga buhuna kafin a sa kwaɗo. Matan ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da suka faro a jihar Maraɗi a 1991, a gaban kowa suke buɗe akwatinsu su ƙirga kuɗi.

Ga aikin wannan mako. Ku je wurin magatakardan bankin ƙauyenku, ku roƙi littafin sayayyar bara. Ku zaɓi layi ɗaya, ku ninka yawan tiya da farashi a allonku, ku kawo wa malamin ajinku ya duba.