Furen da ke da rumbunsa a jiki

Wanda ya bi hanyar Palladan zuwa Samaru a watan Fabrairu ya san yadda rani ke yi wa ƙasar Zazzau: ciyawa ta bushe ƙayau, ƙura ta rufe ganye. Ruwan da Samaru ke samu, kimanin milimita 1,000 a shekara, kusan duka yana sauka ne tsakanin Mayu da Oktoba. Sauran watannin, kowane tsiro sai ya ci guzurinsa.

Manomi ya san wannan dabara ga albasa da rogo da gwaza. Amma dangin furen okid, masu jinsi kusan 28,000 a duniya, sun kai ta wani matsayi. Waɗanda ke zaune a ƙasa, irin su Eulophia na dazuzzukanmu, kan zubar da ganye da rani, su bar kumburarren tushe cike da ruwa da sitaci yana barci. Wasunsu ma da farkon damina sai su fito da fure tun ganye bai tsiro ba, da abincin bara.

Na kan bishiya su suka fi burge ni. Ansellia, wadda ake kira manta-uwa, karanta kan yi kauri kamar guntun rake, nan take tara ruwa. Saiwarta na sanye da farar riga mai kama da soso: yayyafi na taɓa ta sai ta tsotse cikin daƙiƙoƙi, sannan ta hana ruwan tserewa. Wasu siraran saiwoyin kuma sukan miƙe sama kamar kwando, su tare busassun ganyen da ke faɗowa har su ruɓe su zama taki. Kada a haɗa ta da kauci. Shi kauci jinin bishiya yake sha, ita kuwa wurin zama kawai ta ara.

Rumbun masu zama a ƙasa kuwa, wato kumburarren tushen nan, ya jawo wa dangin masifa a wasu wurare. A Turkiyya ana tone tushen don garin salep, a Zambiya don abincin chikanda, har wasu jinsunan sun yi ƙaranci.

Mai sayen okid don ado a gida, ka rage hannu wajen ban ruwa. Idan saiwar ta daɗe a jiƙe ruɓewa take yi. Ka bari tukunyar ta sha iska kafin ka ƙara.