Yadda Ake Dawo da Tsohon Maciji Cikin Sabuwar Waya

Duk wanda ya taɓa riƙe Nokia mai tocila a garin Jabo ya san wasan macijin nan. Ɗan baƙin layi ne yana yawo a allo, kana juya shi da 2, 4, 6 da 8, yana cin abinci yana ƙara tsawo, har ya sari jikinsa wasa ya ƙare. Wani injiniya ɗan ƙasar Finland, Taneli Armanto, shi ya tsara shi don Nokia 6110 a 1997. Mu bai iso mana ba sai bayan 2001, da wayar salula ta shigo Nijeriya. Da ya iso kuwa ya zauna daram. Wayar da ta cika wa Nokia biliyan ɗaya a ciniki, ƙirar 1100, a Nijeriya aka sayar da ita a 2005.

To yau da yara ke shafa allo maimakon danna maɓalli, yaya ake dawo musu da irin wannan wasa?

Hanya mafi sauƙi ita ce a rubuta manhajar da za ta sa sabuwar waya ta kwaikwayi tsohuwar na'ura, wasan ya yi aiki yadda yake tun asali. Wasu kuma fuskarsa kawai suke gyarawa, su ƙara launi da sauti, kamar mai yi wa gidan ƙasa sabon yaɓe kafin damina. Aikin da ya fi wuya shi ne a rushe a sake gini daga tushe, a kan shacin tsohon gida. Haka kamfanin Capcom ya yi wa Resident Evil 2 na 1998, ya fito da shi sabo fil a 2019.

A nan ne magini ke nuna gwaninta ko kasawa. Allon tsohuwar Nokia 3310, wadda ita ma ke da macijin, ɗigo 84 ne a kwance, 48 a tsaye. Mai kallo daga nesa zai ɗauka wannan ƙanƙanta nakasu ce da ya kamata a gyara. Alhali ƙuncin filin shi ne wasan. Macijin yana tsawo, wuri yana ƙarewa, zuciya tana bugawa. In ka ba shi fili mai faɗi don allo ya girma, ka cire masa dafi. Mai hankali sai ya ƙara girman gidajen da macijin ke takawa, ya bar yawansu yadda yake.

Sai maganar yatsa. Maɓalli yana gaya wa babban yatsanka cewa ka danna, ko ba ka duba ba. Gilashi ba ya faɗin komai, ga yatsan kuma yana rufe rabin fili. Jinkirin ƙiftawar ido tsakanin shafa allo da juyawar maciji ya isa ya kashe wasa. Shi ya sa masu wannan aiki ke ɓata makonni suna auna saurin tafiya da saurin amsawa, abin da ba ya fitowa a hoton talla.

A 2017 kamfanin HMD Global ya sake fito da Nokia 3310 da allo mai launi, da sabon maciji daga kamfanin Gameloft. Ya fi kyan gani, babu musu. Amma a ganina tsohon ya fi shi kama hannu, domin dokarsa ɗaya ce tak, yaro yana gane ta kafin shayi ya huce.

Akwai kuma abin da masu gini a Turai ba sa lissafi da shi. A garuruwa irin namu caji kuɗi ne, data kuɗi ce, kuma yawancin wasanni a shagon caji ake tura wa mutum su a memori. Wasan da ba ya buɗewa sai da intanet, yana jefo talla bayan kowace mutuwa, ba ya kwana biyu a wayar ɗan ƙauye.

Ina kira ga matasanmu masu koyon rubuta manhaja a Sakkwato da Birnin Kebbi: ku fara gwada hannu da macijin nan, ku yi shi mara nauyi, mai aiki ba data. In ya yi, ga darar da dattawa ke bugawa a gindin bishiya, ita ma ku sa mana ita a waya.