Kwando bai yage ba, amma gero na zuba

Duk matar da ta taɓa wanke geron godogodo a unguwar Hajj Yusuf ta Khartum ta san aikin ƙoda, ko da ba ta shiga aji ba. Za ta juye geron a kwando, ruwan dauɗa ya tsiyaye, ƙwaya ta tsaya. Haka ƙoda ke yi wa jini dare da rana. Tana sakin ruwa da datti su tafi fitsari, ta tsare furotin, wanda shi ke riƙe ruwa a cikin jijiyoyi.

Wata safiya sai uwa ta ga ɗanta mai shekara uku ya tashi idanu a kumbure. Kafin la'asar kumburin ya sauka ƙafa, fitsarinsa na kumfa kamar an kaɗa sabulu. Maƙwabta Larabawa su ce zulal ne. Geron ne ya fara bin ruwan wanki. A yawancin yara, in an duba tsokar ƙodar da madubin likita, ba a ganin yagewa ko ɗaya. Saƙar ce ta saki, sai madubi mai aiki da lantarki ke nuna hakan.

To, wa ya sassauta ta? A 1974 wani likita a Amurka, Robert Shalhoub, ya ɗora zargin a kan garkuwar jiki, wato mai gadin gida. Hujjarsa ita ce prednisolone, mai kwantar da garkuwar, yana tsayar da yoyon, kuma an ga yaran da ƙyanda ta kama ciwon ya lafa musu. A 2022 masu bincike a Boston suka sami, a jinin wasu majinyata, sinadarin garkuwa da ke kai wa nefrin hari, wato zaren saƙar kanta.

Wannan mai gadin dai shi ne na hassasiya, wato alaji. Asma da borin jini da yawan atishawa sun fi yawa a yaran nan, kuma sau da yawa ana samun IgE, sinadarin hassasiya, ya hau a jininsu. Mutanen Khartum sun san yadda ƙurar habub da nimitti, ƙananan ƙwarin bakin Nilu, ke tayar da ƙirji. Mai gadin da ke ɗaga gora don ƙuda, wata rana zai make kwandon uwar gida. Shi ya sa kumburi kan dawo bayan mura ko harbin zuma. Amma ba a tabbatar hassasiya ce ke haifar da ciwon ba. Sun fi kama da ɓarna biyu ta mutum ɗaya, don haka maganin ƙaiƙayi ba ya ɗinke kwando.

Kusan takwas cikin goma na yaran nan suna jin prednisolone, sai dai awo ne ke raba gardama, ba shawarar mai kanti ba. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya wargaza asibitocin Khartum, aikin lura ya ƙara komawa hannun uwa. Ta rage gishiri a miya, kada ta yanke magani don kumburi ya saɓe, in zazzaɓi ko ciwon ciki ya zo ta nemi likita ranar. Bayan kowace mura kuma ta dubi fatar idon yaro da safe, kamar yadda take leƙa ƙarƙashin kwando ta ga ko ƙwaya ta bi ruwa.