Cinikin Furannin Dashe a Turai: Makonni Kaɗan ke Yanke Riba ko Asara

A ƙasashen arewacin Turai, da zarar hunturu ya fara janyewa a watan Maris, sai kasuwar furannin dashe ta buɗe. Waɗannan su ne ƙananan furannin da ake renonsu a rumfunan gilashi, sa'an nan a sayar wa magidanta da hukumomin birane domin su dasa a komayen ƙofar gida, da lambunan shaƙatawa, da shataletalen hanyoyi. Galibinsu kakar guda suke yi, a tumɓuke su a sake wasu. Saboda haka ciniki ne da ke dawowa kowace shekara, amma akasarinsa yana ƙarewa ne tsakanin Maris da farkon Yuni. Wanda duk ya kuskure waɗannan makonni, to, ya kuskure shekarar baki ɗaya, domin fure ba hatsi ba ne da za a zuba a rumbu a jira farashi ya tashi.

Masu wannan sana'a sun kasa hajarsu gida biyu. Kashi na farko shi ne masu jure sanyi, irin su fansi da bayola da firimula, waɗanda ake iya dasawa tun Maris ko da kuwa raɓa tana daskarewa da dare. Kashi na biyu kuwa shi ne marasa jure sanyi, irin su fetuniya da begoniya da jeraniyam, waɗanda asalin da yawa daga cikinsu ƙasashe ne masu ɗumi, kamar Kudancin Amurka da kudancin Afirka. Dare ɗaya na daskarewa ya isa ya kashe su. A Jamus da Holan akwai daɗaɗɗiyar al'ada ta jinkirta fitar da irin waɗannan furanni har sai an wuce ranakun 11 zuwa 15 ga Mayu, domin an daɗe da lura cewa sanyi yakan yi kome a daidai wannan lokaci. Lamarin ya yi kama da na manomin da ya yi gaggawar shuka a ruwan farko, ruwa ya ɗauke, iri ya ƙone a ƙasa.

Aikin mai reno yana farawa ne tun hunturu bai wuce ba. Daga Janairu zuwa Maris ake shuka irin furannin marasa jure sanyi a cikin faifan roba masu ƙananan ramuka, kowane rami da tsironsa, a ɗumin da ya kai digiri 18 zuwa 21 a ma'aunin Salshiyas. Idan tsiron ya yi ganye sai a mayar da shi tukunya mai ɗan girma. A yau an raba aikin: wasu kamfanoni ba abin da suke yi sai tsirar da iri, su sayar wa masu reno, su kuma su girmar da shi su kai wa shagunan kayan lambu. A yankin Westland na ƙasar Holan, rumfunan gilashi sun mamaye fili iya ganin ido, kuma da iskar gas ake ɗumama yawancinsu. Wannan ne ya sa tashin farashin gas a shekarar 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren, ya tilasta wa wasu masu reno rage aiki ko barin rumfunansu ba kowa a lokacin sanyi.

Kafin dashe akwai matakin da ƙwararru ba sa tsallakewa, wato sabar wa tsiro da iskar waje. Tsiron da ya tashi a ɗumin gilashi yana da laushin ganye, don haka akan fitar da shi da rana a mayar da shi da dare har tsawon mako biyu zuwa uku. Bayan haka sai a kaftu komi, a cire ciyawa, a gauraya ƙasa da ruɓaɓɓen taki. Akan shayar da tsiron tun yana tukunya, a dasa shi daidai zurfin da yake a da, a bar tazarar santimita 15 zuwa 30 gwargwadon girman irin. Cunkoso yana hana iska ratsawa, ya kuma jawo cutar fumfuna.

Kulawar bayan dashe ba ta da wuya, sai dai tana son naci. Ana ba da ruwa a gindi da safe, ba a kan ganye ba. Ana tsinke furen da ya yi yaushi, domin idan aka bar shi ya yi iri, tsiron zai rage fitar da sabo. Ana ƙara taki mai sinadarin fotash da zarar fure ya kankama. Idan kuma masu hasashen yanayi suka yi gargaɗin daskarewa, sai a lulluɓe komin da mayafi mara nauyi kafin faɗuwar rana. Dodon koɗi ma babban abokin gaba ne ga sabon dashe a ƙasa mai laima.

Cuta kan iya rusa kasuwar iri guda cikin shekara ɗaya. A 2011 wata cutar fumfuna ta abka wa furen imfeshiyans a Birtaniya, wanda a lokacin yana cikin waɗanda aka fi saye, har ta kai ga manyan shaguna sun daina sayar da shi a shekarar da ta biyo baya. Sai da aka samar da sababbin nau'o'i masu jure cutar kafin ya dawo kasuwa.

Babu abin da ya fito da raunin wannan ciniki fili kamar annobar korona. A watan Maris na 2020 farashi ya faɗi warwas a kasuwar gwanjon furanni ta Aalsmeer, wadda ke ƙarƙashin ƙungiyar manoma ta Royal FloraHolland, aka lalata miliyoyin furanni saboda rashin mai saye. Shahararren lambun Keukenhof da ke garin Lisse, inda ake binne kwararon furanni kimanin miliyan 7 kowace kaka domin su buɗe a Maris zuwa Mayu, bai karɓi baƙi ba a wannan shekara. A Ingila kuma shagunan kayan lambu sun kasance a rufe daga ƙarshen Maris har zuwa 13 ga Mayu, wato daidai tsakiyar kakar ciniki, alhali masu reno sun riga sun kashe kuɗin iri da ɗumama da ƙwadago.

A nan ne ake gane yanayin jarin da ke cikin wannan sana'a. Ana kashe kuɗi wata uku ko huɗu kafin a ga kwabo, hajar ba ta ajiyuwa, mai saye kuma ba ya fitowa sai ranar da gari ya yi haske. Shi ya sa manyan masu reno kan ƙulla yarjejeniya da shaguna tun kafin shuka, su rarraba shukar kashi-kashi domin kada kaya su nuna rana ɗaya, su kuma haɗa masu jure sanyi da marasa jurewa, ta yadda idan Afrilu ta zo da sanyi, cinikin Mayu ya rufe giɓin.