Makaɗin Shikago da Faifan da Aka Ɗauka Cikin Hayaniya

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ɗan fili a jaridarka in ba 'yan'uwa masu karatu labarin wani makaɗi na ƙasar Amurka, da yadda aka tsirar da kiɗansa daga ɓata bayan mutuwarsa. A cikin labarin akwai wata gardama wadda ta shafi duk mai sauraron faifai, watau wanne ya fi daraja, faifan da aka shirya a ɗakin kamfani ya fita tas, ko kuwa wanda aka ɗauka a tsakiyar jama'a, da surutunsu da shewarsu duka a ciki?

Sunan mutumin Samuel Maghett, amma an fi saninsa da Magic Sam. An haife shi ran 14 ga Fabrairu 1937 a jihar Misisifi, can kudancin Amurka, ƙasar noman auduga. Mutanensa Baƙaƙen Amurka ne, jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka. A zamanin nan talauci da dokokin wariyar launin fata sun matsa musu ƙwarai a kudu, har wajen mutum miliyan 6 suka yi ƙaura zuwa biranen arewa da na yamma tsakanin 1910 da 1970. A birnin Shikago kaɗai, Baƙaƙe sun tashi daga wajen 44,000 a 1910 zuwa fiye da miliyan ɗaya a 1970. Shi ma Sam yana saurayi ya bi wannan ayari ya sauka Shikago, ya zauna a unguwannin yamma na birnin.

Waɗannan baƙi sun zo da kiɗansu, wanda a ke kira buluz. Waƙa ce ta kukan zuci, a kan rabuwa da masoyi, da bashi, da wahalar aiki, da begen gida. Galibi ko wane baiti layi uku ne: mawaƙi ya faɗi na fari, ya maimaita shi, sa'an nan ya kawo na uku ya rufe zancen. Tsakanin layi da layi akwai ɗan sarari, a nan ne jita ke amsawa, kamar yadda 'yan amshi ke karɓa wa mawaƙi. A ƙauye jitar katako su ke kaɗawa. Da suka shigo birni sai suka haɗa ta da lantarki don amonta ya rinjayi hayaniyar mashaya. Sam da tsararsa biyu, Otis Rush da Buddy Guy, su ne suka shahara da salon da a ke kira na yammacin Shikago, inda jita ke tsayawa gaba tana kuka da ƙarfi, murya kuma tana tashi sama kamar ta mawaƙan coci.

A 1957 wani ƙaramin kamfani mai suna Cobra ya buga masa faifansa na fari, All Your Love, yana da shekara 20. Amma fa faifan wancan lokaci ba ya ɗaukar fiye da kamar minti uku a ko wane gefe, saboda haka tilas makaɗi ya taƙaita. Kamfanin ya rushe a 1959, Sam kuma ya shiga soja ya fita ba da daɗi ba. Daga nan faya-fayansa suka yi ƙaranci na 'yan shekaru, sai dai ya riƙe sana'arsa a ƙananan mashayu, dare bayan dare. Sai a 1967 kamfanin Delmark na Bob Koester ya ɗauki babban faifansa West Side Soul, a 1968 kuma aka ɗauki Black Magic. A watan Agusta 1969 ya yi wasa a babban taron makaɗan buluz na garin Ann Arbor, ya ba mutane mamaki, sunansa ya fara zagaya ƙasa. Ran 1 ga Disamba 1969 ciwon zuciya ya kashe shi, yana da shekara 32. Ashe ke nan manyan faya-fayai biyu kaɗai ya bari, da 'yan ƙanana.

To, jama'a, ga inda labarin ya ke. A 1963 da 1964, cikin shekarun nan da kamfanoni ba su kula da shi sosai ba, wani mai sha'awar kiɗansa ya shiga wata mashaya mai suna Alex Club a yammacin Shikago da rikodarsa, ya naɗi wasan Sam a zare. Zaren nan ya yi ta ajiya har 1981, shekara 12 bayan mutuwar makaɗin, sa'ad da Delmark ya fitar da shi haɗe da wasan Ann Arbor, da sunan Magic Sam Live. Haka kuma a watan Yuni 1968 wani yaro ɗan makarantar sakandare ya naɗi wasansa a wani ɗan gidan shan gahawa mai suna Avant Garde a birnin Milwoki. Wannan sai da ya shekara 45 a ajiye kafin a buga shi a 2013.

Duk wanda ya saurari na Alex Club zai ji aibinsa tun daga farko. Amon ya dushe, wani kayan kiɗan ya danne wani, muryoyin masu hira suna kutsowa cikin waƙa. Masu suka suna cewa bai kamata a sayar da irin wannan ba. Hujjarsu ita ce makaɗin bai shirya shi don sayarwa ba, bai kuwa rayu ya ji shi ba balle ya yarda ko ya ƙi. Suna cewa tela ba ya son a nuna wa mai riga bayan ɗinki. Wannan magana tana da nauyi, ba ta wasa ba ce.

Duk da haka ni ina ganin buga shi ya fi barinsa, ga kuwa dalilaina uku. Na fari, shi ne shaidar yadda sana'ar ta ke a ainihin wurinta. A ɗakin kamfani makaɗi yana fuskantar bango da agogo. A mashaya kuwa yana fuskantar leburori da direbobi da matan da suka wuni aiki a gidajen mutane, waɗanda suka zo da ɗan abin da suka samu don su huce gajiya. In waƙa ta taɓa su sai su amsa da ihu, shi kuma ya ƙara jan baitin, ya bar jita ta yi ta magana har sai ya ga sun ƙoshi. Wannan ba-ni-in-ba-ka tsakanin makaɗi da jama'a rabin kiɗan ne, faifan minti uku kuwa ba ya iya riƙe shi.

Na biyu, faifan ya nuna abin da mutanen unguwa ke so a ranar. A Alex Club an ji Sam yana kaɗa waƙoƙin wasu da ke tashe a lokacin, har da ta Freddie King, gama makaɗin mashaya ba shi da ikon ya tsaya kan nasa kaɗai. Mai gida yana so mutane su yi rawa, su zauna, su saya. An kuma ji masu busa tare da shi, cikinsu da Eddie Shaw. A Milwoki kuwa su uku ne kawai, jita da babbar jita mai kauri da ganga, masu sauraro yawancinsu samari ne farar fata da suka zauna shiru suna kasa kunne. Wanda ya jera faya-fayan biyu zai ji mutum ɗaya yana auna jama'a iri biyu, yana ba ko waɗanne abin da ya dace da su. Zai kuma ji yadda cikin shekara biyar masu sauraron buluz suka fara sakewa.

Na uku, ba kowa ne kamfani ke bi da kayan aiki ba. Ran 21 ga Nuwamba 1964, a cikin Shikagon nan, babban kamfani ya kai ƙwararru gidan wasa na Regal, mai ɗaukar wajen mutum 3,000, aka ɗauki wasan B.B. King, faifan ya fita sarai, har yau ana lissafa shi cikin mafi kyau. Amma B.B. King ya riga ya yi suna, ya kuma rayu har 2015 yana buga faya-fayai. Sam fa, wa zai aika masa da ƙwararru a 1963? In ba don zaren nan ba, da darensa na mashaya ya tafi tare da waɗanda suka halarta. Masu iya magana sun ce da babu gara ba daɗi.

Sai dai akwai sharaɗi biyu da na ke ganin wajibi ne a kan duk kamfanin da zai buga irin wannan. Ɗaya, ya gaya wa mai saye gaskiya a bangon faifai, cewa ga inda aka ɗauka, ga shekara, ga kuma halin amon, kada mutum ya biya kuɗi ya ga an ruɗe shi. Biyu, ya ba iyalan mamaci da abokan kiɗansa haƙƙinsu, don makaɗan buluz da yawa sun mutu hannu wofi alhali wasu na cin ribar waƙoƙinsu. In an cika waɗannan, to, buga faifan girmamawa ne ga makaɗi.

Shawarata ga wanda bai taɓa jin Magic Sam ba, ya fara da West Side Soul don ya san muryarsa sosai. Bayan nan ya nemi na Alex Club, ya yi haƙuri da dushewar amon na waƙa ɗaya ko biyu. Kunne yakan saba, daga nan sai ya fara rarrabe jita daga hayaniya, ya ji inda jama'a ke amsa mata.