Kufan Kunosos Da Lissafin Akawunan Da

A tsakiyar Bahar Rum akwai wani tsibiri na ƙasar Girka, sunansa Kirit. Wanda Allah ya kai shi can, to, kada ya komo bai ga kufan Kunosos ba, wajen mil uku kudu da birnin Irakiliyon.

An gina fadar farko a wurin kamar shekara 1900 kafin haihuwar Annabi Isa. Bayan shekara 200 ta rushe, aka sake gina wadda ta fi ta. Daga baya wuta ta ci ta, ƙasa ta binne ta. A 1878 wani ɗan tsibirin, Minos Kalokairinos, ya fara tono, sa'an nan a 1900 wani Baturen Ingila, Arthur Evans, ya kama aikin sosai.

Baƙo zai ga ɗakin da kujerar mulki ta dutse take, da rumbuna masu manyan randunan mai da hatsi, da bututun yumɓu da ke kai ruwa. Amma a lura, ba duk abin da ido ya gani ne na da ba. Evans ya ta da waɗansu ginshiƙai da benaye da siminti bisa ga zatonsa, masana kuwa har yau suna gardama kan haka.

Abin da ya fi kama hankalina shi ne allunan yumɓu da aka tono. Shekara 50 ba wanda ya iya karanta su, sai a 1952 wani mai zanen gine-gine, Michael Ventris, ya gano tsohon harshen Girkanci ne. Mutane sun sa rai za su ji labarin sarakuna da yaƙe-yaƙe. Da aka karanta, ashe lissafin akawuna ne: tumaki nawa, ulu nawa, mai nawa, wa ya kawo, wa ake bi. Ɗanyen yumɓu ne, gobarar da ta ci fadar ita ta gasa su suka daɗe.

Daga nan baƙo ya nufi Faistos a kudancin tsibirin, inda aka sami wani faifan yumɓu a 1908. Yana gidan kayan tarihi na Irakiliyon, har yanzu ba a karanta shi ba.

To, malaman makaranta da akawuna, allunan ba su ba mu tarihin sarakunan fadar ba, amma lissafin akawu ya kai shekara 3,000 da ɗoriya. Kowa ya kyautata rajistarsa, bai san wanda zai duba ta ba.